Mai Agogo da Gwangwanin Gyaɗa

Babana ya yi shekara arba'in da shida yana gyaran agogo, kuma ban taɓa ganin hannunsa ya yi rawa ba sai ranar da aku ya faɗo daga kan sandarsa.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da ƙwan fitila. Duk layin Mai Agogo suke ce masa. Yana da tebur mai aljihu goma sha biyu, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gilashin nan na ido ɗaya da yake maƙalawa, wanda ke sa shi kamar mai hararar duniya. Ƙa'idarsa a aiki ɗaya ce: in ya gano ƙarfen da ya lalace, nan take yake cire shi ya sa sabo. Ba lallashi, ba "bari mu gani zuwa gobe." Yakan fita ƙarfe bakwai ya dawo shida na yamma, kuma maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali ba.

Akun na Inna ne. Ƙaninta ya kawo mata shi ina 'yar shekara tara, ruwan toka mai jar wutsiya. Ta sa masa suna Auta, alhali ni ce autar gidan. Har yau ban yafe ba. In ta kira "Auta!" mu biyu muke amsawa, kuma sau tari ba ni take nufi ba. Shi ma ya san ba na yinsa, don tabon bakinsa na nan a ɗan yatsana.

Da Inna ta rasu, sai muka tarar ba mu da muryarta a ko'ina. Ba ta yarda a ɗauke ta a waya, cewa take yi ita ba mawaƙiya ba ce. Kwana uku da rasuwar, Baba ya ɗauki hularsa da safe, sai muka ji daga tsakar ɗaki, "Ka sha maganinka?" Muryarta ce sak, har da ɗan tarin da take yi kafin ta yi magana. Yayata ta saki kofi ya fashe. Baba ya tsaya riƙe da hula, ya daɗe, sannan ya ce, "Na sha."

Tun daga ranar abin da ke tayar da shi ke nan. Ƙarfe bakwai aku ya tambaya, shi ya amsa, aku ya ce "A dawo lafiya," ya fita. Mu 'ya'ya kowa ya koma gidansa, muka bar tsoho da tsuntsu.

Akwai wani gwangwanin gyaɗa a kan kabad, wanda Baba ya sani a matsayin abincin Auta, don kullum da yamma yakan ga Inna ta ɗebo ta ba shi. Sai ya riƙe aikin da gaske. Shi yake zuwa kasuwa ya zaɓo manya, ya cika kofin keji safe da yamma, ba ya kuskure ko minti ɗaya. Shi kansa shayi da burodi yake ci a tsaye, ya ƙara da gyaɗar gwangwanin. Na yi faɗa har na gaji. Wata goma sha huɗu suka yi a haka.

Abin ya fara ne da muryar Auta. Ta dishe, sannan ta ɗauke gaba ɗaya. Baba bai gaya wa kowa ba, tsoro ya hana shi faɗa da bakinsa. Sai wata Asabar da safe wayata ta yi ƙara.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "ki zo. Auta ya faɗi."

Gabana ya faɗi, ba don tsuntsun ba, don yadda na ji muryar Baba. Na same shi durƙushe a gaban keji. Aku na ƙasa, gashinsa ya yi buzu-buzu, hancinsa ya toshe da wani busasshen abu, wutsiyarsa na sama da ƙasa da kowane numfashi. Baba ya miƙa hannu zai ɗauke shi, hannun ya ƙi tsayawa. Ni na naɗe shi a tawul. Bai ko yi yunƙurin cizona ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

Likitar dabbobi yarinya ce, ba ta kai ni ba, amma ba ta da wasa. Ta buɗe bakinsa ta haska, ta share hancin, ta yi masa allura, ta ɗora shi a sikeli.

"Baba, me yake ci?"

"Gyaɗa."

"Sai me?"

"Mai kyau," in ji Baba. "Ni nake zaɓa da hannuna."

Ta ajiye fitilar ta dube shi. Ta ce gyaɗa kusan duk mai ce. Tsuntsu zai ƙoshi da ita, amma jikinsa na jin yunwar abin da ke cikin karas da kabewa da ganye da gwanda. Rashinsu ne ya toshe hanci, ya kumbura maƙogwaro, ya raunana ƙafa har ya kasa riƙe sanda. Ta ce, "Gaskiya, gyaɗar nan ce ke kashe shi."

Na ga maganar ta shiga Baba kamar ƙusa. Likita ta ci gaba da bayani: a sauya abinci a hankali, a rage gyaɗa kaɗan-kaɗan cikin makonni, ban da gishiri da mai da albasa, a auna shi kowace safiya. Yanzu giram ɗari huɗu da biyu ne, in ya sauka ƙasa da ɗari uku da saba'in a kawo shi a guje. Ni na ji duk wannan. Baba yana gyaɗa kai kawai, ashe tun a kalmar "kashe" kunnensa ya tsaya.

A bakin ƙofa ya juyo. "Muryar fa, Likita? Za ta dawo?"

"Rai tukuna, Baba. Murya kuma ban yi maka alkawari ba."

Na koma gidana Lahadi da safe, don ina da aji ranar Litinin. Laifina ke nan, kuma ba na ɓoye shi. Na san babana, na san yadda yake yi da ƙarfen da ya lalace, amma na tafi.

Talata da yamma na dawo na tarar da shagon a rufe. Mai gyaran takalmi ya ce kwana biyu ke nan, abin da bai taɓa gani ba. Na wuce gida da sauri. Gwangwanin na cikin kwandon shara, ba ko ƙwaya ɗaya. Kofin keji cike da karas da aka yanka daidai wa daida, kowane guntu kamar an gwada shi da ma'auni. Auta na can ƙurya, ido rabi a rufe, ya juya wa kofin baya. Takardar ƙasan kejin kusan tas take, sai ɗan baƙin kashi biyu ko uku.

"Tun yaushe rabonsa da abinci?"

"Tun Lahadi. Na cire abin da ya lalace, na sa mai kyau. Ya ƙi."

Na ɗora shi a sikelin kicin. Ɗari uku da saba'in da uku. Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. Na ce, "Baba, tsuntsu ne, ba agogo ba! Ka kusa ƙarasa shi!" Ya zauna a bakin gado ya ɗora hannuwansa a gwiwa, na ga yadda rigarsa ta yi masa yawa. Da zan iya haɗiye maganar nan da na haɗiye.

Na fita na sayo gyaɗa a shagon kusa. Da ya ga ledar sai ya miƙe ya tare kejin da jikinsa.

"Uwata, kada ki ba shi. Likita ta ce ita ke kashe shi."

"Yunwa za ta riga ta, Baba."

Sai da na kira Likita na sa masa a kunne. Ta ce a ba shi yanzu-yanzu. Ta ce aku ba ya ɗaukar baƙon abu a matsayin abinci, zai iya mutuwa a gaban kofi cike. Muka zuba ƙwaya shida. Muka tsaya muna kallo, ba mai numfashin kirki, har ya ja jiki ya ɗauki ɗaya.

Kafin ta kashe wayar ta yi mana tambaya. "Shekara ashirin da biyar yana hannun Mama lafiya ƙalau. Ba zai kai haka a kan gyaɗa kaɗai ba. Me take ba shi?"

"Gyaɗa," in ji Baba. "A gabana take ba shi."

Ni kuwa sai abin ya faɗo mini. Ƙwaya uku ce kawai Inna ke ba shi da yamma, ta lallashi, don ya shiga keji. Da hantsi kuwa, Baba na shago, takan zauna a ƙaramar kujera a ƙofar kicin da farantin silba a cinya tana yanka kayan miya, Auta na kan bayan kujerar. Ba ta taɓa miƙa masa komai ba. Takan gutsuri karas ta tauna da ƙarfi, ta ce "Kai, daɗi!" In ya miƙo wuya ta kare farantin da hannu. Sai ta yi kamar ta waiwaya, shi kuma ya wawuri guntu ya gudu. Abincin sata ya ci ya rayu duk shekarun nan, ni kuma ina yarinya na ɗauka wasa ne kawai.

Na gaya wa Baba. Ya ce, "Ban taɓa gani ba."

Washegari na zaro farantin daga bayan tukwane, na wanke ƙurar wata goma sha huɗu. Ni ba zan iya ba, don in na matso Auta baya yake ja. Dole Baba ne. Ya zauna a kujerar Inna, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓa, ya riƙe karas kamar wanda aka ba magani mai ɗaci. Haƙoransa na gefe ɗaya ne suka rage. Ya gutsura, ya tauna, ya ce "Daɗi," da muryar mai karanta takardar asibiti. A wani lokacin da na yi dariya har na faɗi. Ranar kuwa idona na kan ƙirjin tsuntsun, ina ƙirga numfashinsa.

Auta ko a jikinsa. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Kowace safiya muna ɗora shi a sikeli, Baba ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya don ya karanta lambar, ko da yake ba ya buƙata. Saba'in da biyar. Saba'in da huɗu. Giram ɗaya in ya ragu sai ya hana mu magana har azahar. Na ɗauki hutu a makaranta. In na farka abin da nake fara yi shi ne leƙa ƙasan keji, ina tsoron abin da zan gani. Kuma na san ba tsuntsun kaɗai nake jiye wa ba. In ya tafi, ban ga abin da zai sa Baba ya ƙara ɗaukar hula ƙarfe bakwai ba.

Rana ta shida Baba ya sa hannu ya kare farantin, sannan ya waiwaya da gaske, don ruwan shayi ya tafasa. Da ya juyo, guntun gwanda babu. Auta na can ƙarshen kujera ya riƙe shi da ƙafa ɗaya yana harararmu. Baba ya buɗe baki, na yi masa alama ya yi shiru, kada ɓarawo ya gane an gan shi.

Daga nan ya shiga satar kabewa dafaffiya, da jan tattasai, da ganyen alayyafo wanda rabinsa a ƙasa yake zubarwa. Nauyi ya fara hawa. Hancin ya buɗe, wutsiya ta daina rawa. Baba ma, da yake dole ya ci kafin tsuntsu ya yarda, ya ci kayan lambu a mako uku fiye da abin da ya ci a shekara. Ya koma buɗe shago, amma sai bayan zaman faranti.

Murya dai shiru. Kullum yakan ɗauki hula, ya tsaya a tsakar ɗaki, ya jira. Sai ya ce "Na sha," ba wanda ya tambaye shi, ya fita. Ni kan shige kicin don kada ya ga fuskata.

Rana ta ashirin da uku ina wanke kofuna, Baba na kan kujera yana yanka gwanda. Auta ya miƙo wuya, Baba ya kare farantin. Sai na ji ɗan tarin nan a bayana. Kofin ya zame mini cikin ruwa.

"Ba naka ba ne," in ji Inna. Muryar ta dishe, tana tsagewa, amma ita ce. "Na Babanku ne. Bar masa."

Wuƙar ta tsaya a hannun Baba. Bai juya ga tsuntsun ba, ni ya kalla, fuskarsa kamar ta yaro.

"Yaushe ta faɗi wannan?"

Na manta da shi sam, sai da na ji. Gefen gwanda mafi nuna ne take warewa, wanda yakan tarar a rufe a kan tebur in ya dawo, ya cinye a tsaye ba tare da ya tambaya ba.

"Kullum, Baba," na ce. "Kana shago."

Ya dubi farantin ya daɗe. Sannan ya zaɓi guntun da ya fi nuna ya kai baki, yana taunawa a hankali da haƙoransa na gefe ɗaya, hawaye na bin kuncinsa. Auta ya ga hannu ya ɗage, ya wawuri na kusa ya gudu ƙarshen kujera.