Zaren da Inna Ta Ciza

Shekara talatin Inna tana kan keken ɗinki, ban taɓa ganin ta yanke zare da almakashi ba. Da haƙori take tsinke shi. In mun yi magana ta ce, "Almakashi ɓata yake yi, haƙorina kuwa yana nan inda na bar shi."

Wata likitar dabbobi ce ta ba ta ɗinkin ƙananan jakunkuna masu zariya a baki, waɗanda suke saka jemagu a ciki kafin su duba su. Bayan wata uku ta dawo da guda ashirin da farata suka yaga, a gyara. Inna na warware tsohon ɗinki, likita na ba mu labari: sun sami wata ƙwayar korona a jikin jemagu bakwai.

"Ba ma ganinta da ido," in ji likita. "Wani siririn zare take saƙawa, RNA sunansa, da shi take hayayyafa. Shi na'ura ke ganowa."

Inna ta daskare. Tsohon zaren jakar yana tsakanin haƙoranta.

Ta tofar, ta nuna 'yata mai wata bakwai da ke zaune kusa da ƙafar keke. "Ɗauke ta! Fitar da ita!"

Likita ta yi bayani har bakinta ya bushe: wannan zare ba na ɗinki ba ne, jakunkunan kuma sai an dafa su da tururi suke barin ofis, ba a ma san ƙwayar tana kama mutum ba.

"Ba a sani ba, ko ba ta kamawa?" Inna ta tambaya.

"Ba a sani ba," in ji likita. Ni da nake shirin dariya, sai na sunkuci 'yata na fita da ita.

Kwana goma sha huɗu Inna ta kulle kanta a ɗakin ɗinki. Abinci a bakin ƙofa nake ajiyewa. Ko gyaran murya ta yi, sai in ruga in taɓa goshin yarinya. Na ji tsoro, na kuma ji haushin taurin kanta.

Ko mura ba ta yi ba. Ranar da ta fito, da almakashi rataye a wuyanta, ta miƙa wa yarinyar hannuwa. "Zo, kishiyata, zo."

Yarinyar ta kalle ta, ta ƙanƙame wuyana, ta fashe da kukan ƙyuya. Inna ta sauke hannuwanta a hankali.