Zanen Baba a Kan Kujerar Yaya

Bayan na yi ritaya daga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, sai gida ya yi mini faɗi. Mai ɗakina ta rasu, yara duk suna Kano. Don kada in zauna ina kallon bango, na harhaɗa wani ɗan injin sassaƙa a zaure: ka yi zane a kwamfuta, shi kuma ya bi shi da bakinsa a kan katako. Maƙwabtana a Karaye sun leƙo sau ɗaya, suka ce Allah ya taimaka, ba su sake dawowa ba.

Mahaifinmu masassaƙi ne a Zoza. Yana da wani zane da yake yi a kan kujerar mata, layi uku masu sarƙe juna kamar kitso. Kujerarsa ta ƙarshe tana wurin yayata, wadda ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu, idonta kuma ya daɗe da tafiya. Da gara ta cinye kujerar, sai ta ce mini, "Auta, kai ma ɗan masassaƙi ne. Yi mini irinta, in riƙa shafawa."

Ban taɓa riƙe gizago ba, kunya kuma ta hana ni gaya mata inji ne zai yi aikin.

Injin nan kuwa rago ne na gaske. Da bakinsa ya shiga katakon maɗaci sai ya kama karkarwa, teburin da yake kai yana ja da baya. Layukan suka fito da 'yan ƙananan tsalle-tsalle. Haka na ɗaure sabuwar kujerar a bayan babur na kai mata.

Ta daɗe tana bin zanen da yatsa, sannan ta ce, "Hannunka rawa yake yi, Auta. Lafiyarka kuwa?"

Na ce lafiya lau. Raina ya sosu, don ni mutum ne da ba ya son a ga kasawarsa. Na ce ta ba ni in gyaro. Ta ɗan riƙe ƙafar kujerar kafin ta saki, ban kula ba.

Wata guda na yi ina fama. Mai walda ya tokare mini ƙafafun teburin injin ta kowace kusurwa. Na ɗura yashi a cikin bututan ƙarfen, na rage tsawon bakin, na rage masa gudu, na matse kowane noti. Rawar ta ragu amma ba ta tafi ba, sai da na tuna yadda Inna take haƙa wa turmi gurbi don kada ya yi yawo in ana daka. Na fasa daɓen zaure, na binne ƙafafun cikin siminti. Ranar da na ɗora kofin shayi a kansa yana aiki shayin bai motsa ba, na waiwaya in nuna wa wani, babu kowa.

Na kankare fuskar kujerar tas, na sake zanen. Ya fito sumul, babu inda za ka kushe.

Yaya ta shafa sau ɗaya, ta ɗauke hannunta.

"Ta yi kyau, Allah ya yi albarka. Ina ta farkon?"

"Ai ita ce wannan, Yaya. Gyara ta na yi."

Ta ce, "Kai ba ka yi wayo ba lokacin. Shekarar da Baba zai rasu, haka hannunsa ya riƙa rawa. Da na taɓa waccan, sai na ji kamar shi ya yi."

Na dawo Karaye da la'asar. Na kwance notunan injin, na sa dogon baki, na ƙara gudu, na gwada a kan katako uku. Layin yakan lalace, amma ba irin waccan rawar ba. Siminti ya riga ya kama.