Littattafan Rijiyoyin Malam Ɗantsoho

Malam Ɗantsoho mutumin Ɗanzomo ne, ɗan mahaƙin rijiya. Karatunsa bai wuce firamare ba, amma hannunsa na da kyau, kuma ba ya ƙarya. Shi ya sa da wani malamin jami'a, Dakta Abdulrauf, ya zo ƙasar Gumel binciken ruwa a 1971, aka haɗa su.

Rijiya sittin da huɗu aka damƙa masa, daga Gagarawa har Maigatari. Duk wata sai ya zagaya su a kan keke, ya zura igiya, ya rubuta gaba nawa ya tarar da ruwa.

Sai fari ya zo. A 1973 igiyarsa ta daina kaiwa, ya ƙara mata tsawo har sau biyu. Ya fara rubuta abin da ba a sa shi ba: gidajen da suka tashi, shanun da suka faɗi a bakin rijiya, yaran da aka binne. A bazarar nan gudawa ta ɗauke 'yarsa Ummu. Bayan an dawo daga maƙabarta ya buɗe littafi ya sa ta a layin yaran da aka binne.

Matarsa Rahamatu ta gani. Ta ce, "Malam, har ita ma lamba ce?"

Ya ce, "In ban rubuta ba, wa zai san an yi?"

Ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba.

A 1975 Dakta ya kawo masa littafin da aka buga kan binciken. Ɗantsoho ya duba shafi-shafi. Aikin shekara huɗu an dunƙule shi a jadawali ɗaya, babu sunan rijiya ko guda.

"Ranka ya daɗe, ina alƙaluman?"

"Masu ɗab'i sun ce sun yi yawa. Littattafanka na ajiye su a sito a Gumel, duk mai so zai gani."

Ba wanda ya nema sai bayan shekara biyu, da aka turo injiniya ya haƙa sababbin rijiyoyi. Ɗantsoho ya kai shi siton. Littafi goma sha ɗaya, gara ta cinye, sai bango.

Ya ce, "Na tuna da yawa. Yammacin Sule Tankarkar kada ku taɓa, ruwan ya yi nisa."

Injiniya ya ce, "Baba, ba ma aiki da na-tuna."

Suka haƙa biyar a wurin da ya hana, uku ba su kawo ruwa ba. Ƙauye biyu suka watse.

Ɗantsoho ya koma noman gero. Tari ya kama shi, ya rasu a daminar 1979. Ana saura kwana uku a yi sadakar arba'in wasiƙa ta zo daga Dakta: masu bincike na ta tambayar alƙaluman, ko Malam ya ajiye kwafi? Ƙanin mamacin, Sajo, ya karanta wa Rahamatu, ya tambaye ta me za a amsa.

Ta ce, "Ka gaya masa an yi rasuwa."