Ƙwayoyin Cuta a Garkar Inna

Inna ce ta fara ganewa, da hanci. Ta jawo guga daga rijiyar garkarmu, ta sunsuna, ta ce ruwan warin garaj yake yi. Muka yi mata dariya. Kafin damina ta faɗi, salati da yakuwa sun bushe a tsaye, dariya ta ƙare.

Garkar tana cikin kwari, bayan gari. Babana ne ya gina rijiyar kafin ya rasu, kuma da ita Inna ta ciyar da mu. A kan tudu kuwa akwai garaj inda ake fentin motoci. Diluwan da suke wanke fenti da shi a ƙasa suke tuttularwa, shekara da shekaru, ruwan sama yana gangaro da shi. An tashi garajin, amma ƙasa ta riga ta sha. Kawuna ya ce a cike rijiyar a sayar da wurin. Tun daga ranar Inna ta daina cin abincin kirki.

Na je ofishin masu kula da muhalli, aka haɗa ni da wata madam, injiniya, baƙuwa a Dakoro. Hausarta ba ta nuna ba, sai ta yi Faransanci ina fassarawa. Ta ce a dasa itacen turare tsakanin tudu da rijiya, saiwoyi su riƙa zuƙe gurɓataccen ruwan. A kuma zuba taki, don wasu ƙananan halittu na cikin ƙasa su yawaita su cinye dafin. Suna ɗaya na sani ga halittun nan, na lopital, wato asibiti, shi na faɗa: ƙwayoyin cuta.

Inna ta miƙe tsaye. “Mi ka ce? Cuta za ku kiwata mini cikin garka? Wadda ke gare ni ba ta isa ba?”

Na yi ta kame-kame. Da madam ta gane inda matsalar take, ta yi dariya, ta lallaɓo Hausarta.

“Inna, madara, mi kike sawa ya zama nono?”

“Ɗan tsohon nono mana, ɗiyata.”

“To, su ne ciki. Ba duka ke cuta ba.”

Inna ta harare ni. “Ashe kai ne ba ka iya magana ba.”

Aka dasa. Madam ta hana shuka abin ci a wurin, har zogale. Inna ta riƙa sa a kawo taki a amalanke, tana korar awaki da jifa. Kowane rani a ɗebi ruwa a kwalba a kai Maradi, amsa ta dawo: ba tukuna ba. Gaskiya ni na fid da rai, har na fara ganin kawu ya fi mu hankali.

A ranin bara madam ta kira ni a salula, ta ce ruwan rijiyar ya gyaru, ana iya ban ruwa. Na zauna a ƙasa, daɗi ya cika ni har ƙwalla.

Na tarar da Inna a inuwar itatuwan, na faɗa mata. Ta jawo guga, ta daɗe tana sunsunawa. Na miƙa hannu in karɓa in kai kan fangalin da za mu shuka yakuwa, ta buge mini hannu. Ta je gindin turare mafi girma ta juye ruwan duka.

“Su fara sha,” in ji ta. “Su suka yi aikin.”