Barakatu da Galan Mai Kan Mamaci

Barakatu mai man gyaɗa ba ta da tsawo, amma Allah ya biya ta da murya. In ta daka wa akuyarta tsawa, awakin Damari duka sai su natsu. Shekara ashirin da wani abu tana tuyar ƙuliƙuli tana matsar mai, ba a taɓa dawo mata da shi an ce ya yi wari ba. Miji ya rasu ya bar mata turmi biyu da gona mai tsakuwa. Sunanta kawai take ci da shi.

Sai ga shekarun kuɗin fetur. Aka kawo taki, aka kawo maganin feshin auduga cikin galan na ƙarfe, ruwan ɗorawa, da murfi mai murɗawa. Mazan Damari, waɗanda ko allura ba su taɓa riƙo wa matansu daga kasuwa ba, suka sami abin kyauta. In magani ya ƙare, sai a miƙa wa uwargida galan ana hura hanci kamar tsarabar Makka. Mata suka karɓa hannu biyu. A cuɗe da toka, a zuba mai, a zuba kunun kai wa gona. Wata ma cikin jere ta sa nata. Ita kanta Barakatu ta sha tsiyaya wa mutane mai a ciki, ba ta taɓa kallonsa sau biyu ba.

Wata Laraba gidan Malam Maharazu suka ci ɗanwake. Kafin azahar mutum bakwai na kwance, amai da jiri, yawu na zuba. Aka kwashe su zuwa asibiti, Allah ya sa da sauran shan ruwa. Malam Maharazu na dawowa, ya tsaya ƙofar masallaci ya ce man Barakatu ne. Sati biyu ko kare bai leƙa zaurenta ba.

Ta yafa gyale ta tafi dubiya wurin Talatu, matar Maharazu.

"Sannu da jiki, ɗiyata. Ina man da ya kusa kai ku lahira? In gaishe shi."

Talatu ta nuna galan a gindin gado. Barakatu ta juya shi, ta shinshina.

"Wanga hoton kan mamaci da ƙasusuwa biyu fa? Kakanki ne?"

"Haba Inna, tambarin kamfani ne. Ashana ma da hoto take zuwa. Kuma sau uku na cuɗe shi da toka."

Barakatu ta aika aka ɗauko mata tulun manta. Ta dama fura ta raba biyu. Rabi a ƙwarya, ta ɗiga masa mai daga tulunta na gida. Rabi ta girgiza cikin galan ta juye a kasko. Ta ce a tsare yara da kaji. Maƙwabta suka cika tsakar gida, don ba a gayyatar matan Damari kallo. Kafin la'asar ƙudajen kasko sun yi rigingine, na ƙwarya kuwa sai ƙiba suke. Ta kore su, ta shanye furar, ta yi gyatsa.

Wata da nan za ta tsaya, ta bi gari tana gori. Barakatu ta duba ta ga galan na kowane gida, manta na kowace miya, duk wanda ya kwanta gobe ita za a kira. Ashe malamin gona ya daɗe da gaya wa maza a ƙofar mai gari kada a yi amfani da galan. Sun gyaɗa kai, maganar ta mutu a zaure, ba wanda ya shigar da ita ciki.

Ta jira ranar wani suna, mata sun taru ana ta guɗa, ta miƙe ta kife kwano ta buga. Ta ba da labarin ƙudaje, ta ƙara masa gishiri. Wata daga baya ta ce, "To mu zuba mai a mi?"

"A abin da uwarki ta zuba har ta haife ki da wannan baki."

Kyauta, Bamagujiyar da ke kawo daddawa daga ƙauyen gabas, ta ce, "Namu har burkutu suke ɗurawa ciki."

"Shi ya sa mazanku ke tangaɗi tun hantsi. Ƙauyenku ke na ba, ki tattaro mana galan ɗinsu."

Kowane lungu ta ba wa mace ɗaya, kuma masu tsiwa ta zaɓa, ta san kayanta. Dokar su suka yanke da kansu: wadda aka ga galan a gidanta, ba mai ara mata guga a rijiya, ba mai ɗora mata tulu. Kwana uku aka yi. Mace ta cika tulu ta tsaya tana waige, mata goma na kallon sama. Ran na huɗu galan arba'in da biyu suka taru a maƙerar Malam Rabo, yana huda gindinsu da ƙusa yana mitar an maishe shi mai ɓarna. Aka binne su can bayan gari, nesa da rijiya. Tun daga nan, feshi na ƙarewa, maza ke wucewa da nasu maƙera, don babu hanyar shigar da shi gida.

Masu saye suka fara dawowa ɗaya ɗaya, amma tsofaffin gari na nan kan maganar masallaci. Da mai ya ƙare gidan Malam Maharazu, Talatu ta ce ba ita ta ɓata sunan Barakatu ba, ba ita za ta je saye ba. Ranar Juma'a da hantsi sai ga Malam Maharazu da kwano, yana sallama ƙasa-ƙasa.

"Malam, man da ya kusa kashe ka?"

"Inna, a bar tone-tone."

"A ina ka faɗi ta farko?"

"Ƙofar masallaci."

"To ajiye kwanon nan. In na ji ta biyu daga bakin mutane, ka dawo ka tarar da shi cike."

Ana idar da salla ya faɗa cewa galan ne, ba man Barakatu ba, wani kurma a sahun gaba ya sa shi ya maimaita. Kafin ya iso ɗaukar kwanonsa, mutum shida na gabansa a zaure, kowa da kwalba. Barakatu ta ce ya bi layi.