Tsingaron Kabarin Kakana

Jiya shekara guda da rasuwar Kakana. Na je maƙabartar bayan unguwar Darrasa, a nan ƙasar Misirawa, na kasa gane kabarinsa. Ban yi kuka ba.

Duwatsun kabari yake sassaƙa wa Misirawa, gemunsa kullum fari da ƙurar marmara. Wata rana wata sistar coci 'yar Ireland ta kawo masa hoton gicciye mai zobe, irin na kaburburan garinsu. Ya bi zoben da yatsa, ya ce mini, "Kin gani, amarya? Ba farko, ba ƙarshe. Su ma Shi suke nema."

Amma ya hana a kafa masa dutse. "Mu a Katsina tsingaron tukunya ya isa, khalas, shi ke nan."

Tsingaron muka sa. Mai shara ya kwashe shi.

Ya Allah, Kai Ka san inda yake kwance. Ka haskaka masa wurin.