Ranar da Twila Ta Taɓa Ƙasa

A garinmu Pecan Ford, can cikin Texas, har gobe akwai masu rantsuwa cewa bijimin sa ne ya karkatar wa Glenda Tackett hanci. Wai ya tsinke igiya ya nufi coci ranar Lahadi, ita kuwa ta tare shi da goshi, san ya suma, ta share jini ta shiga ta ja waƙa. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ni Dewey, taubashinta, na fi kowa sani, don ni na ƙaga ta. Gwiwar hannun wata yarinya ce, Twila Hensley, wadda nauyinta bai kai na talotalon biki ba. Sau uku ta karya hancin nan, kowane karo ta tura shi wata unguwa daban.

A zamanin kakanninmu maza ne ke tsayawa a gefen fili da bututun magana suna zuga 'yan ƙwallo. Da yaƙi ya kwashe mazan, mata suka karɓe, ba su mayar ba. Uwar Glenda ma ta yi nata zamanin, tsalle biyu, kirari uku, a kaɗa tuntayen takarda a koma gida. Amma lokacin da Glenda ta shiga, tana 'yar sha biyar, abin ya fara zama gasa mai alƙalai da kofi, har ana nunawa a talabijin. Minti biyu da rabi ake ba ku, ku jefa mutum sama ku cafe shi kuna murmushi.

Malama Odell mai koyar da su ta dubi kafaɗun Glenda ta ce, "Ke ginshiƙi ce." Ta dubi Twila ta ce, "Ke kuma 'yar sama." Shi ke nan an raba musu rayuwa.

Ranar farko da aka cilla Twila, ta dawo tana fuffukar hannu kamar kazar da aka jefo daga rufi. Nan hanci ya tafi karo na ɗaya. Glenda ta toshe shi da gefen riga, ta ce, "Ke 'yar tsako, saurara. In za ki faɗo, kada ki kuskura ki miƙa hannu. Matse jikinki kamar sanda, ki taho da baya. Ƙasa ba taki ba ce, tawa ce."

"In kuma ba kya nan fa?"

"Ina zan je da wannan hancin?"

Sun je babbar gasa a Dallas sun zo na huɗu. Jarida ta buga hoton Twila tana shawagi tsakanin fitilu. Na Glenda kuwa yatsu huɗu ne suka fito a ƙasan hoton, ta yanke ta manna a jikin firij, tana nuna wa baƙi, "Ga ni nan." Abin alfaharinta ɗaya ne, kuma duk garin ya haddace shi: Twila ba ta taɓa taɓa ƙasa a hannunta ba.

Shekaru suka tafi. Wasan ya ƙara girma, aka gina masa ɗakuna masu daɓe mai tsalle, yara 'yan shekara shida suna juyin da ko biri sai ya yi shawara. Glenda ta yi shekara talatin tana tuƙa motar makaranta, Twila ta yi aure, ta haifi Curtis, ta binne miji. Sai ciwon karkarwa ya kama Twila. Tana cikin tafiya ƙafafun su kafe a tsakar ɗaki kamar an kafa musu ƙusa.

Glenda ce ta gano maganin. Ta tsaya a bayanta, hannu biyu a ƙugunta, ta yi ƙirgen da suke fara wasa da shi, ta ce, "Biyar, shida, bakwai, takwas!" Ƙafar da ta ƙi jin likita sai ta ɗaga. Daga ranar ta kwaso kayanta ta tare a gidan Twila.

Curtis ya zo daga Houston da takardun gidan kula da tsofaffi.

"Anti Glenda, ke ma kin tsufa," in ji shi. "Ranar da Mama ta faɗi, ranar zan tafi da ita. Na gaya miki ke nan."

"To ajiye takardunka su yi ƙura, ɗan nan. Tun ba a haife ka ba nake cafe uwarka."

Shekara huɗu takardun suna ƙura. Banɗaki, coci, kanti, ko'ina da ƙirge ake zuwa. Suna faɗa a kan gishirin wake da kan wa ya jawo musu na huɗu a Dallas. Twila ta ce hancin ne ya tsorata alƙalai.

Sai makaranta ta gayyaci tsofaffin 'yan zuga su fito fili ranar wasan shekara. Da hantsin ranar Glenda ta shirya Twila, ta zaunar da ita a kujera. Twila ta ce ita fa ba ta fita sai da jan ƙyallen da take ɗaure gashi da shi a Dallas.

"Yana cikin akwati. Kada ki motsa."

"Ina zan je da waɗannan ƙafafun?"

Glenda na cikin ɗaki tana tonon akwati ta jiyo wata siririyar murya daga falo: "Biyar, shida, bakwai, takwas." Twila ce ke ƙirga wa kanta, tana so a fito a same ta a tsaye. Ta miƙe kuwa. Sai jiri ya ɗebe ta. Ga tebur kusa, ga hannun kujera, ba ta kama ko ɗaya ba. Ta haɗe ƙafafu, ta manne hannuwa a jiki, ta tafi da baya.

Taku uku ya rage Glenda ta iso.

Ƙugu ya karye, ƙeya ta fashe. A asibiti, da ta farfaɗo, ta lalubi hannun Glenda ta ce, "Kin gani? Ban miƙa hannu ba. Na matse sosai."

"Na gani, 'yar tsako. Daidai kika yi."

Curtis bai yi faɗa ba. Ya dai kakkaɓe takardunsa, ya tafi da uwarsa. Houston tafiyar awa biyar ce, kuma a can ba mai ƙirga wa kowa, keken guragu suke turawa. Jan ƙyallen yana jikin firij, kusa da yatsu huɗun nan.

Yanzu duk tsohuwar da ta gifta a coci ko a kanti, sai ka ga Glenda ta bi bayanta, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tafin hannu a buɗe, ita kanta ba ta san tana yi ba. Ranar Lahadin nan na ce bari in sa ta dariya.

"Glenda, matan garin nan sun kai ƙara. Wai sa mai karkataccen hanci na bin su a baya."

Ta dubi hannuwanta, ta mayar da su a hankali cikin aljihun riga.

"Kai dai yi tafiyarka ba waiwaye, Dewey. Ko daga saman coci ka faɗo, hannuwan nan a aljihu za su zauna."